Awon Ƙugun Otilia

Shekara arba'in da takwas ina ɗinka wa Otilia kaya, tun kafin ta zama matata. Ranar da ta fara shigowa shagona da ke bayan kasuwar garinmu Sampués, jan yadi ne mai furanni a hannunta, tana son faffaɗan siket na rawar fandango. Na zagaya igiyar awo a ƙugunta na daɗe a durƙushe ban ɗago ba, ta dube ni ta ce, "Tela, awo kake yi ko addu'a?" Bayan wata takwas aka ɗaura mana aure a coci.

Mace ce mai jiki tun tana budurwa, haihuwar 'yarmu Yadira kuma ta ƙara mata. Ni kuwa ko saniya guda zan cinye ba a gani a jikina. Lukuta nake kiranta, ita kuma ta ce da ni Tsinke, har unguwa ta ɗauka. Idan ta fito da safe ta zauna a kujerar lilo a ƙofar gida da kofin kofi, duk mai wucewa sai ya ce, "Lukuta, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, sai dai Tsinkena da iska ta kusa ɗauke min jiya." Ba a taɓa cin faten doya da cuku irin nata a garin nan ba, kuma ba ta taɓa girka ɗan kaɗan ba.

Tana da shekara hamsin da huɗu likita ya ce tana da sukari da hawan jini, ya ce lallai ta rage jiki. Daga ranar nan wasa ya koma mita a bakina. Tsoro ne, ban san yadda ake faɗin tsoro ba sai da faɗa. Idan ta miƙa hannu za ta ƙara shinkafa, in yi gyaran murya. Idan ta saya soyayyen nama a hanya, in ce, "Ki ci gaba, yadin duniya ya kusa ƙarewa a kanki." Ta yi dariya, ta tsallaka gidan ƙanwarta Nicolasa da ke jikin namu, ta cinye abinta a can, ta dawo tana goge baki. Shekara goma sha uku ina wannan mitar, igiyar awo ba ta sauka daga santimita ɗari da goma sha biyu ba.

Shekarar da ta cika sittin da biyar, wasu masu bincike daga wata jami'a a birnin Cartagena suka zo ƙaramin asibitin garinmu suna neman tsofaffi. Su ɗibi jini, su auna nauyi, su yi wa mutum tambayoyi, bayan shekara biyu su dawo su sake. Otilia ta ba da sunanta don ta samu abokan hira a layi. Ni na ƙi.

"Ku ji mutumin da yake wuni da allura a baki," in ji ta ga Nicolasa, "wai shi ne yake tsoron allura."

Ta dawo tana cika baki. Wai sun faɗa mata kalmomi biyar su ga ko za ta tuna bayan an jima, ta kawo musu biyar ɗin har da sunan uwar malamar asibitin.

Tana sittin da bakwai ta fara ramewa, kuma ni na riga kowa sani. Na zo ɗinka mata rigar Kirsimeti, igiya ta tsaya a ɗari da shida. Na sake aunawa don in tabbatar. Kafin Ista ta koma ɗari da ɗaya. Wallahi murna na yi kamar an ba ni kyautar gida. Na kwaso rigunanta daga akwati ɗaya bayan ɗaya, na farke gefe, na matse, ina ɗinki ina fito. Duk wanda ya shigo shago sai na ba shi labari.

"Kun ga matata kuwa? Ta koma 'yar ashirin. Da ta ji maganata tun farko ai da tuni."

Wata rana tana tsaye ina kafa mata allurai a gefen siket, ta ce, "Tsinke, ni fa ban rage komai don kai ba. Abincin ne ya daina kirana."

Na ce, "Ko ma mene ne, Allah ya ƙara."

Nicolasa ce kaɗai ta ƙi taya ni murna. Ta leƙo ta tagar shagon ta ce, "Evaristo, ramar nan ta Yaya ba ta yi min ba. Mutum ba ya daina son abinci haka kawai."

"Hassada ce ke damunki," na ce mata. "Ke ma kawo naki in matse, in kin isa."

An yi mata hoton ciki, an yi na ƙirji, an duba sukarin, ba a ga wani sabon abu ba. Na ƙara samun bakin magana.

Shekara uku a haka kafin mantuwa ta fito mata fili. Farko faten doya ne, ta zuba gishiri sau uku. Muka yi dariya muka zubar. Sai ta fara tambayata abu ɗaya sau biyar kafin azahar. Ta ajiye makullin gida a cikin tukunyar shinkafa, ta rantse wani ne ya shigo ya ɓoye mata. Ran wata Lahadi ta fita daga coci kafin a tashi, muka neme ta muka rasa. Wani ɗan acaɓa da ya san mu ne ya kawo ta wajen la'asar. Ya same ta a tsaye gaban wani shagon taya, inda gidan mahaifinta yake shekara talatin da suka wuce, tana tambayar masu shagon ina suka kai ƙofar.

Yadira ta taho washegari daga birnin Montería, inda take aure. Aka yi sa'a masu binciken suna gari a wannan satin, karo na huɗu ke nan. Shugabarsu, Dakta Marelvis Támara, ta ga Otilia da kanta. Ta faɗa mata kalmomi biyar. Bayan ɗan lokaci ta ce ta maimaita. Otilia ta yi murmushi, ta gyara zama, ta juyo ta dube ni kamar yarinyar da malami ya tsare a aji. Ko ɗaya ba ta kawo ba. Aka ba ta takarda ta zana agogo, ta tara lambobin duka a gefe guda.

Malamar asibiti ta fita da ita auna nauyi, muka rage mu uku.

"Baba Evaristo," in ji likitar, "yaushe ta fara ramewa?"

Na faɗa mata wata da shekara, har da santimita. Ta ɗago kai ta dube ni, sannan ta juyo da wata takarda ta gabanmu.

"Mutane suna ɗauka kitse kaya ne kawai da jiki yake dako," in ji ta. "Ba haka ba ne. Kitse yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su yi ta yawo har su kai ƙwaƙwalwa, kamar 'yan aike. Ɗaya sunansa leptin. Ga shi a jininta na farko, da yawa. Ga na biyu, ya sauka. Ga na uku, ya faɗi ƙasa sosai. Wannan kuma, adiponektin, shi hawa ya yi ta yi. Mun ga irin wannan a tsofaffi da dama, shekaru kafin kowa ya lura suna mantuwa."

Yadira ta ce, "To me ya sa ba ku faɗa mana ba?"

"Jinin yana ajiye cikin ƙanƙara, sai bara muka auna na kowa gaba ɗaya. Kuma gaskiya, ko da mun gani a lokacin, ba mu da wani magani da za mu ba ta a kai. Abin da muke ƙoƙarin ganewa ke nan."

Ni ban ji rabin abin da suke faɗa ba. Ina kallon layin nan da yake gangarowa a takarda, ina ganin rigunan da na matse.

"Likita," na ce, "ni na hana ta cin abinci. Shekara goma sha uku ina bin ta da mita. Ni na yi mata wannan?"

"A'a, Baba. Ƙibar da take da ita a shekarun baya, da sukarin, da hawan jinin, su ma suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Da ka ce ta rage a lokacin, ba kuskure ka yi ba. Ramar tsufa da take zuwa da kanta, ita ce wani abu daban. Har yanzu ba mu sani ba, ko raguwar sinadaran ce take cutar ƙwaƙwalwa, ko kuwa ƙwaƙwalwar ce ta fara lalacewa a ɓoye, ta daina gaya wa mutum yana jin yunwa."

"Idan ta mayar da jikinta, hankalin zai dawo?"

Ta ce, "Ku ba ta abinci mai kyau, kada ta ƙara ramewa. Amma ba zan ce maka zai dawo ba."

Daga duk maganar nan, abu ɗaya na ɗauko zuwa gida: ba ta ce ba zai yiwu ba.

Na rufe shago rabin wuni, na koma kicin, ni da ban taɓa dafa ko ƙwai ba. Nicolasa ta koya min shinkafa da kwakwa, da soya agade, da faten doyar nan. Duk abin da na yi shekaru ina hana ta, na sayo na jera mata a gaba: nama mai kitse, cuku, alewar madara. Sau shida a rana nake zaunar da ita. Ta ci cokali uku ta ture kwano.

"Na ƙoshi."

"Ƙara ɗaya, Lukuta. Don Allah ɗaya."

"Kai wai yaushe ka zama uwata?"

Kowace Asabar in zagaya mata igiya. Tamanin da takwas. Tamanin da bakwai. Wani satin ta ƙara santimita ɗaya, kuma a ranar ta kira Yadira da sunanta a waya ba tare da an tuna mata ba. Na fita ƙofar gida na gaya wa duk mai wucewa. Sati na gaba igiyar ta koma inda take, ta wuce.

Yadira tana faɗa min a waya, "Baba, ka daina dura mata. Sukarinta yana hawa. Likita ba ta ce ka yi haka ba."

"Likita ta ce ba su sani ba. To ni zan gwada musu."

Wata rana da rana tsaka Otilia ta datse haƙora ta ƙi buɗe baki. Tun safe kofi kawai ta sha. Na lallasa, na yi wasa, na roƙa. Ban san lokacin da na riƙe mata haɓa da hannu ɗaya na tura cokali da ɗayan ba. Faten ya zubo mata a ƙirji. Ta ƙwalla ƙara, ta rarrafa bayan kujera tana kare kai da hannuwa.

"Nico! Nico, zo! Ga wani mutum zai kashe ni!"

Nicolasa ta shigo a guje ko takalmi babu. Ta rungume ta, tana shafa mata baya har ta yi shiru. Sannan ta karɓe cokalin daga hannuna, don har lokacin yana hannuna.

"Da ka hana ta ci da faɗa, yanzu kana sa ta ci da faɗa," in ji ta a hankali. "Yaushe Yaya za ta zauna gaban kwano babu mai tsaye a kanta?"

Na fita bayan gida na zauna a kan bulo. Ban taɓa ɗaga wa Otilia hannu ba tunda muke, sai ranar.

Daga nan na daina. In dafa, in ajiye kwano biyu, in zauna kusa da ita in ci nawa. Wani lokaci ta ga ina ci ta sa hannu. Wani lokaci ta kai min nata a baki, wai na cika rama.

Bikin jikarmu, 'yar Yadira, ya taso a ƙarshen shekarar. Rigunanta duka sun koma buhu a jikinta, babu sauran inda zan matse. Na sayo sabon yadi shuɗi, na kawo ta shago da safe, lokacin da ta fi natsuwa. Ta tsaya a gaban madubi, ta ɗaga hannuwa da kanta ba a ce mata ba. Na durƙusa na zagaya igiya. Saba'in da tara.

"Tela," in ji ta.

Na ɗauka tsokana ce irin ta da. Na ce, "Na'am, ranki ya daɗe."

"Ka matse min ƙugun sosai, ka ji? Ka sa abin da zai ɓoye cikin nan." Ta rage murya kamar mai faɗin sirri. "Mijina ba ya son ƙiba. Kullum sai ya yi magana."

Na ɗaga kai. Fuskarta babu wasa a ciki. Kallon baƙo take yi min, baƙon da ta yarda da shi.

Na ce, "Wasa yake yi miki. Yana sonki a haka."

"Ai na sani yana sona," in ji ta. "Mutumin kirki ne. Ni ce dai na kasa yi masa abin da yake so. Na yi ta ƙoƙari, wallahi. Akwai ranar da na wuni ban ci ba, da yamma na je gidan Nico na yi kuka."

Ban taɓa sanin wannan ba. Duk shekarun nan dariya kawai na gani.

Na riƙe gefen siket ɗinta na kifa kai a kan gwiwarta. Ta ɗan ja baya, sannan ta dafa min kai.

"Haba bawan Allah, me aka yi maka? Rasuwa aka yi muku?"

Na ɗinka rigar. Ta sa ta a bikin, ta zauna a kujera tana tafi duk lokacin da ta ga ana tafi. Da makaɗa suka fara busa, ƙafafunta suka kama rawa a ƙarƙashin tebur, daidai da kiɗa, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Na tambayi Nicolasa maganar kukan nan daga baya. Ta ce, "Ba sau ɗaya ba ne. Ta ce kada in gaya maka, wai tsoro ne yake sa ka."

Bayan wata bakwai na zame a banɗaki ina ƙoƙarin ɗaga ta, ƙashin ƙuguna ya tsage. Nicolasa ita ma ta haura saba'in, ba ta iya ɗaukar kowa. Yadira ta ce babu sauran magana, Mama za ta koma wurinta a Montería, akwai mai kula da ita da rana. Ta ce ni ma in taho. Gidan ɗaki biyu ne, ga miji ga 'ya'ya. Na ce zan riƙa zuwa.

Kafin su tafi Dakta Marelvis ta aiko a tambaye mu ko za a ɗibi jinin Otilia karo na ƙarshe. Yadira ta ƙi, ta ce uwarta ta gaji. Ni na ce a bari su ɗiba, ko wani zai amfana. Muka yi ta ja har ta haƙura. Malamar asibitin ta sha wahala kafin ta samu jijiya a hannun nan da ya zama kamar kara. Da ta gama na naɗe hannun rigata na miƙa mata nawa. Ta ce ai ni ba na cikin jerin. Na ce ta saka ni.

Yanzu kowace Lahadi nake hawa motar ƙarfe shida, awa biyu da 'yan kai, da sandata. Nauyin Otilia bai kai rabin na da ba. Takan wuni ba ta ce uffan ba. Yadira tana fito da ita baranda wajen ƙarfe tara, ta ajiye min kujera a gefenta.

Lahadin da ta wuce na zauna na daɗe ba ta ko waiwayo ba. Tana kallon titi, hannuwanta a cinya. Can sai ta juyo ta ƙare min kallo daga hula har takalmi.

"Baba, wa kake jira?"

"Matata nake jira," na ce.

"Ta yi nisa ne?"

"Ta ɗan yi nisa."

Ta gyaɗa kai. Ta matsar da ƙafarta don in samu wurin miƙe tawa mai ciwon.

"To zauna a nan, akwai inuwa," in ji ta. "Ni ma babu inda za ni. Sai in taya ka jira."

Muka zauna har Yadira ta leƙo ta ce motar ƙarfe huɗu ta kusa tashi.